Inuwar Jabez a Bango

Rana ba ta san hanyar Lungun Marina ba sai a makon hutu. Sauran shekara hayaƙin masaƙu ne ke kwance a kan garin Hollinshaw, ya rufe sama ruf, har yaran lungun suka taso suna zaton haka Allah Ya yi sama, toka-toka. Amma idan Agusta ya zo aka kashe wutar injuna don a kankare tukwanensu, aka sallami masu saƙa da masu kaɗi, sai hayaƙin ya soma janyewa. Mutum ya fito wata safiya ya tarar duwatsun bayan gari sun dawo, kore shar, kamar ba su ne suka yi ɓatan dabo ba. Da la'asar kuma rana ta karkato, ta ratsa tsakanin gidaje, ta gangara matakala, ta leƙa ɗakunan ƙarƙashin ƙasa inda rabin mutanen lungun ke kwana.

A makon nan masu hali kan hau jirgin ƙasa su tafi bakin teku, wasu su zauna gaban mai hoto da wuya a sandare. Mutanen Lungun Marina su ma suna da irin nasu hoton. Da rana ta faɗo kan bango sai a zaunar da mutum a kujera, a juya shi gefe, wani ya ɗauki gawayi ya bi bakin inuwarsa tun daga ƙeya da goshi har haɓa da wuya. Babu wanda ya san wa ya fara. Dalilin kuwa ba a faɗa, don kowa ya san shi: a lungun da masassara ke shiga kamar gidan ubanta, ba ka da tabbacin wa za ka tarar a hutun baɗi. Duk ɗakin da ka shiga za ka ga kawuna jere a bango, manya da ƙanana. Waɗansu masu su na nan zaune suna shan shayi a ƙarƙashinsu, waɗansu kuwa sai dai bangon.

A ɗakin Keziah Tattersall kai mafi girma na mijinta ne, Jabez, kuma rabinsa hanci ne. Jabez a sashen taje auduga yake aiki, mutum ne da bai iya zama wuri ɗaya ba, bai kuma iya yin shiru ba. Shekara da shekaru tana fama da shi ya zauna ta zana shi, yana zillewa.

"Me za ki yi da inuwata, ga ni nan a gabanki ina cinye miki burodi?" haka yake ce mata.

Shekarar da ya yarda, tarin nan na masu shaƙar ƙurar auduga ya riga ya kama shi, ko da yake babu wanda ya ce uffan a kai. Da kansa ya jawo kujera ya zauna, da lofen taba a baki. Keziah ta nemi gawayin da ta ɓoye don ranar, ashe yaran maƙwabta sun kwashe sun zane waje da shi. Rana kuwa ba ta jiran kowa. Sai ta fizgo kaskon suya, ta dangwali kitsen da ya daskare a ciki, ta goga a baƙin gindinsa, ta hau zane da ɗan yatsa.

"Keziah, da man suya za ki zana ni? Ashe kifi kika aura."

"Rufe min baki, haɓarka na motsi."

"To ki ɗan rage hancin nan mana, saboda jikoki."

"Abin da rana ta nuna min shi zan zana. In ba ka yarda ba ka kai ƙararta."

Ya tuntsire da dariya, dariyar ta koma tari, shi ya sa layin ya ɗan karkace a daidai maƙogwaro. Ta so ta gyara, rana ta riga ta janye. Jabez bai ga hutun shekara mai zuwa ba.

Tun daga nan bangon ya zama abokin hirarta. Kullum da safe, bayan ƙarar takalman katako ta lafa, ma'aikata sun shige masaƙa, sai ta zuba shayi ta zauna ta fuskance shi, ta kwashe labarin lungun kaf ta faɗa masa. Wa ya sha ya bugu, wa ta haihu, abin da maƙwabciyarta Dorcas Pilling ta ce da abin da ita ta mayar mata. Tana cewa bai taɓa saurarenta haka ba yana da rai.

Ba ita kaɗai ba ce a ɗakin. 'Yarta Selina, mai saƙa, tana zaune tare da ita, don mijin Selina yana can kan tudu cikin masu haƙa madatsar ruwan gari, sai jifa-jifa yake leƙowa. Selina ta haihu sau biyu a ɗakin nan. Duka biyun Keziah ta zana su da gawayi a ƙasan kakansu, ƙananan kawuna da ba su fi dunƙulen hannu ba, kuma duka biyun gudawar lokacin zafi ta ɗauke su tun ba su taka ƙasa ba. Selina ba ta taɓa cewa komai game da bangon ba. Sai dai tun daga na biyun, ƙofa take fuskanta in za ta kwanta.

Ana nan sai aka kafa hukumar lafiya. Manyan gari sun daɗe suna wucewa ta bakin lungun da ƙyalle a hanci, abin bai dame su ba, sai da masassara ta nuna musu ita ma ta iya hawan tudu zuwa gidajensu masu lambu. Nan take hancinsu ya buɗe. Aka zo aka fasa ƙasa aka binne manyan bututu, aka kwashe jujin da ya girmi wasu magidanta, aka toshe rijiyar da ke manne da masai, aka kafa famfo a bakin lungu. Gaskiya dai a faɗe ta, lungun yana wari, warin da mu da muka tashi a ciki ba ma ji sai mun dawo daga wani wuri. Amma a bakin rijiyar nan ake haɗa aure, a nan ake sulhu, a nan mace ke sauke abin da ke ranta yayin da guga ke sauka. Famfo kuwa ka murɗa, ka cika, ka tafi. Matan lungun sun yi ta tsine masa, suna kuma ɗibar ruwansa.

Sannan doka ta zo cewa kowace shekara, da sanyi ya wuce, sai an shafe kowane ɗaki da farar ƙasa tun daga sama har ƙasa, don a kashe cutar da ke maƙale a bango. Wanda aka ba aikin tabbatar da haka shi ne dubagari, Abel Holroyd. Ɗan lungun ne, a ɗakin da ke fuskantar na Keziah aka haife shi. Ya yi ƙoƙari a makarantar Lahadi, ya iya rubutu mai kyau, yanzu ga shi da hula mai tambari. Matan lungun suka daina kiransa Abel, sai Mai Hula.

Shekarar farko an sha kuka. Masu bokiti suka bi ɗaki-ɗaki, kawunan nan suka riƙa ɓacewa, iyaye da 'ya'ya da kakanni. Keziah ba ta yi kuka ba, dabara ta yi. Ana gobe za a iso ɗakinta ta kira Dorcas, suka taru suka ja tsohon kabad ɗin da Keziah ta gada wurin uwarta daga gefen murhu, suna nishi suna zagin juna, har suka jingina shi a kan Jabez da jikokinsa. Ma'aikatan suka zo suka dubi kabad, suka dubi tsohuwa, suka shafe kewayensa suka wuce.

Ta ci nasara, sai dai nasarar ta zo da abin da ba ta lissafa ba. Kabad ɗin ya fi ƙarfinta ita kaɗai, dubagari kuma ba ya sallama kafin ya leƙo, don haka inda aka ajiye shi nan ya zauna. Jabez yana nan, amma ba ta ganinsa. Ta ci gaba da zuba shayi da safe tana yi wa farantai da kofuna hira.

"Ke dai kin ga ta kanki," in ji Dorcas. "Da kin auri hanci, yanzu kin auri kabad."

"Ko ba komai nawa yana kwana a gida," in ji Keziah, don mijin Dorcas ya fi sanin benci a gidan giya.

Cikin tsananin sanyin shekarar Selina ta sake haihuwa, mace, aka sa mata Lettie. Yarinyar ta zo da kuzarinta, amma kafin sanyi ya ƙare ƙirjinta ya soma ƙara in tana numfashi. Gadon yana kusa da kabad, don babu wani wurin da za a sa shi. Keziah na jin wani wari mai sanyi yana fitowa daga bayansa, tana cewa a ranta ai duk ɗakin ƙasa haka yake.

Da lokacin shafe ya zagayo, Abel da kansa ya sauko matakala, ya bar ma'aikatansa a sama da bokitansu.

"Inna Keziah, ina wuni."

"A'a, Mai Hula ne da kansa? Shigo, amma ka sunkuya. Ƙofar talaka ce, ba a yi ta don hula ba."

Ya cire hular ya riƙe a hannu. Ta zuba masa shayi don kada a ce ba ta zuba ba, ya karɓa ya tsaya yana juya kofin.

"Bara ban shigo da kaina ba," in ji shi.

"Na lura. Na ce ko ka manta hanya."

"Ban manta ba, Inna. Ban kuma manta inda kabad ɗin nan yake da ba. Na san wanda ke bayansa."

"To ka gaishe shi ka wuce."

"Inna."

"Kada ka ce min Inna, Abel Holroyd. Da hannun nan na karɓe ka ranar da ka faɗo duniya, ka tsula min fitsari har gwiwar hannu, ban kai ka gaban hukuma ba. Yau don an ɗora maka tambari a ka, shi ne za ka shigo ka shafe min miji? Ba ni da hotonsa, ba ni da dutse a kabarinsa. Rigarsa ta Lahadi ma da ita aka binne shi. Abin da ya rage min ke nan."

Abel ya ajiye kofin. Ya dubi cikin hularsa.

"Tawa uwar na fara shafewa, bara. Ni na riƙe buroshin, ban bar wa kowa ba. Ke kika zana ta, kin san yadda take." Ya ɗago kai ya dube ta. "Kin kuma san abin da ya kashe ta, ita da ƙannena. Ban zo da faɗa ba. Ki bar ni in duba bayansa kawai."

A daidai nan ƙararrawar cin abincin rana ta kaɗa, aka ji takalman katako suna zubowa kan titi. Selina ta sauko da gudu kamar kullum don ta ba Lettie nono kafin a koma, da ƙurar auduga fari fat a gashinta. Ta ga Abel, ta ga fuskar uwarta, ta gane. Ta ɗauki yarinyar ta zauna a bakin gado, ɗakin ya yi tsit, babu abin da ake ji sai numfashin Lettie mai ƙara.

"A janye kabad ɗin," in ji Selina.

"Ke! Da ubanki a bayansa?"

"Ke Baba kike da shi a can, Inna. Ni 'ya'yana biyu ne. Ko ban juya ba na san suna nan, ko an sa kabad na san suna nan. Kullum na kwanta da wannan a jikina sai in riƙa auna wurin da ya rage a bangon, in ga ko zai ishi kanta." Ta gyara wa Lettie kwanciya a ƙirjinta. "Ban taɓa ce miki komai ba. Yau dai ki saurari ƙirjin yarinyar nan, sannan ki ce min kada a duba."

Selina ta miƙa wa uwarta Lettie, ita da Abel suka sa kafaɗa suka tura. Kabad ɗin ya yi ƙara ya matsa.

Warin ne ya fara fitowa. Bangon ya yi baƙi ƙirin da fumfuna, danshi na tsattsafowa yana gangarowa, kuɗin cizo suka watse ko'ina suna neman rami. Ƙananan kawunan biyu da ƙyar ake gane su. Fumfuna ta cinye ƙeyar Jabez, ta cinye lofensa, ta fara hawa haɓarsa. Goshin dai yana nan, da hancin, da 'yar karkacewar nan ta maƙogwaro.

Keziah ta tsaya da jikarta a kafaɗa tana kallo, kunya da baƙin ciki suka rufe ta lokaci guda. Jabez ne fa, mutumin da ko ya dawo a gajiye sai ya wanke wuyansa kafin ya zauna cin abinci, mutumin da ke goge takalminsa ranar Lahadi har ka ga fuskarka a ciki. Shi ta kulle a duhu shekara guda cikin ƙwari, tana zaton gata take yi masa. Kuma a gindin wannan bangon jaririya ke kwana.

Abel ya juya zai kira ma'aikatansa.

"Tsaya," in ji ta. "Babu ƙaton da zai shafa fuskar mijina. Ka ce su miƙo bokitin, su tsaya a can."

Ta sa ruwan zafi da sabulu ta fara wanke fumfunar, tana zagaye layin a hankali duk da ta san aikin banza take yi. Da aka kawo farar ƙasa Selina ta riga ta kai hannu.

"Bar min nawa, Inna."

Ta durƙusa ta shafe ƙananan kawunan biyu da kanta, a hankali, kamar mai ja musu bargo. Ƙararrawar komawa aiki ta kaɗa. Selina ta miƙa buroshin, ta sumbaci Lettie, ta haye matakala da farar ƙasa a hannun rigarta.

Keziah ta tsoma buroshin ta fara daga goshi. Tana yi tana masa magana ƙasa-ƙasa, tana cewa ya yi haƙuri, ya daina motsi, yanzu za a gama. Da ta gama ta ja baya, sai ta ga yana nan sarai a ƙarƙashin ruwan, ko ɗis bai ragu ba. Ta juya da sauri ta dubi Abel.

"Sai ta bushe, Inna," in ji shi a hankali, ya sa hularsa ya fita.

Ta jawo kujerar da Jabez ya zauna a kai ranar zanen, ta zauna da Lettie a cinya. Duk yammacin ranar tana nan tana kallo, bangon yana yin fari kaɗan-kaɗan, shi kuma yana ja da baya. Haɓar ta fara tafiya, sannan goshin. Kafin ma'aikata su taso daga masaƙa babu komai a wurin sai fari. Ta yi kukan da ba ta yi ba ranar jana'izarsa, don ranar tana da baƙi da za ta ciyar.

Makonnin da suka biyo baya sun yi mata nauyi. Ta daina hirar safe, tana shan shayinta a tsaye. In ta rufe ido muryarsa na zuwa, dariyarsa na zuwa, har tarin, amma fuskar sai ta ƙi haɗuwa, wannan kuwa ya tsorata ta fiye da komai. Abin haushi kuma, ɗakin ya yi daɗi. Warin ya tafi, ƙwarin sun ragu, hasken da ke shigowa ya ninka har tana iya zura zare a allura ba tare da ta hau matakala ba. Ƙirjin Lettie ya washe. Ko farar ƙasa ce, ko janye gadon da suka yi daga gindin bangon, ko ɗumin da ya shigo, Keziah ba ta sani ba, kuma ba ta yarda ta ce komai a kai ba. In ta haɗu da Abel a bakin famfo sai ta ga wani abu mai muhimmanci a cikin bokitinta.

Wata ranar wanki Dorcas ta sauko aron dutsen guga. Tana tsaye tana zuba surutu sai ta yi shiru, ta ƙura wa bango ido.

"Keziah, idona ne ko kuwa?"

"Idonki ne. Tun kina budurwa ba ya gani, shi ya sa kika auri wanda kika aura."

"Ke ki juyo ki duba!"

Ta juya. A tsakiyar farin bangon akwai wani layi siriri, ruwan ƙasa-ƙasa, irin tabon da shayi ke bari a kan ƙyallen tebur. Ya fito daga sama, ya lanƙwasa waje sosai, ya dawo ciki.

"Ya Ubangiji ka yi mana rahama!" in ji Dorcas, ta saki dutsen gugar, ta kama hanyar matakala. "Ya dawo! Jabez Tattersall ya dawo!"

Keziah ta matsa ta sa yatsa a kan layin. Sai dariya ta kama ta, ta zauna a ƙasa tana yi hawaye na zuba.

"Hancin ne ya riga shi isowa," in ji ta. "Ko da can haka yake shigowa ɗaki."

Kafin mako ya zagayo goshin ya fito, haɓar ta biyo, har lofen da ƙeyar da fumfuna ta rufe, har 'yar karkacewar maƙogwaro. Lungun kaf ya sauko kallo, wasu na cewa ishara ce, wasu na cewa a kira mai wa'azi. Labari ya kai wa Abel, ya zo ya sunkuya ya duba, ya shinshina, ya tambaye ta da me ta yi zanen. Ta faɗa masa.

"Shi ya sa," in ji shi. "Baƙin kasko da kitse ba sa zama a ƙarƙashin farar ƙasa, ko sau nawa aka shafa sai sun huda sun fito. Duk mai shafe ya sha wahalarsu a bangon murhu. Da gawayi ne da ya tafi ke nan." Keziah ta san uwarsa yake tunawa, wadda ita da kanta ta zana da gawayi mai kyau. Ya gyara murya. "Baɗi ma fa sai an shafe, Inna. Doka ce."

"Ka kawo bokitinka, ni zan shafa. Mutumin da ni ban iya zaunar da shi wuri ɗaya ba, kai da hularka ne za ka iya?" Ta zuba masa shayi, wannan karon har da sukari, ta kuma yanka masa burodi ta shafa kitse mai kauri.

Ƙananan kawunan biyu ba su dawo ba. Selina ta tsaya ta daɗe tana duban wurin da suke da, fari tas a ƙarƙashin haɓar ubanta. Daga ranar Keziah ta lura ta daina fuskantar ƙofa in za ta kwanta.

Hutun shekarar ruwa aka sha tun daga farko har ƙarshe, rana ko leƙowa ba ta yi ba. Lokacin zafin ya wuce Selina na kwana da fargaba, tana taɓa cikin Lettie, tana duba ƙyallenta, amma gudawar ba ta zo ba. A lungun kaf an rage fita da ƙananan akwatuna, har Dorcas ta daina zagin famfo in ba ta ga mai ji ba. Sanyi ya zo ya wuce, Keziah ta sake shafe Jabez da hannunta tana masa tsiya, ya ɓace, ya kuma dawo, hanci a gaba.

Agusta ya sake zagayowa, wannan karon sama ta buɗe. Duwatsu suka fito, da la'asar rana ta gangaro matakala ta faɗa kan farin bangon, ɗakin ya haskaka yadda bai taɓa yi ba. Lettie ta riga ta fara tafiya, ta yi ɓul-ɓul, tana bin ɗakin tana jan duk abin da hannunta ya kai. Ta ratsa ta cikin hasken, inuwarta ta faɗa bangon a daidai ƙasan kakanta, goshi a turo, ga ɗan hancin nan da ya fara nuna gidan da ya fito.

Keziah ba ta ma yi tunani ba. Hannunta ne ya san aikin. Ta jawo kujera, ta ɗauko kaskon suya, ta dangwali kitse ta goga a baƙin gindinsa.

"Selina, kama min ita. Maza, rana za ta wuce. Da wannan zan yi, ba mai shafe ta."

Ta ɗora yarinyar a kujera, yarinyar ta zame ta sauka. Ta sake ɗora ta, ta sake zillewa tana ƙyalƙyata dariya.

"Kai, jinin Jabez! Selina, ki riƙe ta mana!"

Selina na zaune a matakala tana tsefe gashinta a rana. Ba ta tashi ba. Ta dubi 'yarta, ta dubi baƙin yatsan uwarta, ta dubi farin wurin da ke ƙasan haɓar ubanta.

"Ba sai kin zana ta ba, Inna," in ji ta. "Wannan zama za ta yi tare da mu."

Keziah ta tsaya da yatsa a sama. Rana ta ci gaba da hawa bangon, ta wuce haɓar Jabez, ta wuce hancin. Lettie ta riga ta kai ƙofa, tana hawa matakala da hannu da ƙafa, tana son fita wurin yaran da ke ihu a bakin famfo. Tsohuwar ta ɗaga ido ta dubi mijinta, kamar mai jiran ya sa baki. Sannan ta goge yatsanta a gefen zaninta, ta mayar da kaskon kan murhu, ta bi bayan yarinyar don kada ta faɗo.